Gani Ya Kori Ji: Wuni Guda A Gidan Mahmud Mukhtar Na Alƙahira

Duk wanda ya dawo daga ƙasar Masar, in ka tambaye shi abin da ya gano, kusan amsar ɗaya ce. Zai ce maka ya je Giza ya ga dalar Fir'auna, ya yi sallah a Masallacin Azhar, ya ziyarci kabarin Imamu Shafi'i, sannan ya shiga kasuwar Khan Khalili ya sayo tsarabar jallabiya da turare. Duk waɗannan wurare ne da suka cancanci a je, mu ma kuwa mun je su. Amma abin da muke son ba 'yan uwa marubuta labarinsa a wannan fitowa shi ne wani ɗan madaidaicin gida da ke cikin lambu a wani tsibiri na Kogin Nilu, wanda ba mu taɓa jin wani ɗan ƙasarmu ya ambace shi ba. An gina shi ne don adana ayyukan mutum ɗaya tak, wani masassaƙin dutse mai suna Mahmud Mukhtar. Mun shiga gidan a matsayinmu na masu koyar da Hausa a sakandare, kuma masu ɗan taɓa rubutu, muka fito da wani darasi da muke ganin ya shafi duk mai riƙe da alƙalami.

Ba yawon buɗe ido ne ya kai mu Masar ba. Wani yayanmu muka raka da za a yi wa aikin ido, muka kuma dace da hutun zango na biyu, wato cikin watan Afrilu. Duk wanda ya taɓa zaman jinya a ƙasar da ba tasa ba ya san yawancin kwanakin a jira suke ƙarewa. A ga likita yau, a ce a dawo bayan kwana huɗu, sai mutum ya rasa yadda zai yi da kansa. Allah da ikonSa sai muka haɗu da wani tsohon ɗalibinmu da ke karatu a Jami'ar Azhar. Yaron da muka koya wa insha'i da karin magana a aji uku, shi ne ya koma jagoranmu, shi ne kuma bakinmu a wurin direba da mai shago. Da aka yi wa Yaya aiki lafiya, likita ya ce ya kwanta ya huta, sai yaron nan ya ce, "Malam, gobe ku shirya zan kai ku wani wuri. Na san halinku, ba za ku rasa abin faɗa wa 'yan aji ba in kun koma."

Kafin mu kai ga wurin, ya kamata mu faɗi wani abu da ya faru kwana biyu kafin ranar, domin sai da shi mai karatu zai fahimci abin da ke tafe. Da hantsi muna tsaye a barandar masauki, sai muka ga sararin sama ya rine kamar an kaɗa kunun kanwa. Can sai iska ta taso mai zafi kamar an buɗe bakin tanderu, ɗauke da rairayi wanda ke shiga ido da haƙori. Masu shaguna suka yi ta jawo ƙofofinsu, matan da ke kan titi kuwa kowace ta sunkuya ta kama bakin mayafinta tana kokawa da shi. Wannan iska ita Masarawa ke kira Khamasin, daga kalmar hamsin ɗin nan da mu ma muka ara daga Larabci, domin an ce cikin wasu kwanaki hamsin na bazara ta fi yawan tasowa. Daga hamada take zuwa ta wajen kudu. Ta bambanta da hunturunmu mai zuwa da sanyi ya zauna wata da watanni. Ta fi kama da iskar nan da ke gabatar hadarin farko, wadda ke yaye rufin kwano ta watsar da shanya.

Ranar da muka fita gari ya washe. Daga Dandalin Tahrir muka taka da ƙafa muka hau gadar Kasrun Nil, wadda zakoki huɗu na tagulla ke tsaron bakinta, biyu a kowane gefe. Gadar ce ke sada tsakiyar birni da tsibirin da suke kira Jazira. Da saukarmu muka yi kiciɓis da mutum-mutumin wani dattijo mai jar dara a bisa dogon ginshiƙi, ya ɗaga hannu kamar mai yi wa taro jawabi. Ɗalibinmu ya ce wannan shi ne Sa'ad Zaglul, jagoran da Turawan Ingila suka kama a watan Maris na 1919 suka kai tsibirin Malta, abin da ya sa ƙasar ta ɗauki wuta har mata suka fito zanga-zanga a titunan Alƙahira. Ya ƙara da cewa aikin mutumin da za mu gidansa ne. Muka miƙe titi, babban gidan wasannin nan da ƙasar Japan ta gina musu aka buɗe a 1988 yana hannunmu na dama, lambun da suke kira Hadiƙatul Hurriyya, wato Lambun 'Yanci, yana hagu. A cikin wannan lambu gidan Mukhtar yake.

Mun jima muna tunanin hikimar da ke cikin gina irin wannan gida a tsakiyar lambu. Alƙahira gari ne mai hayaniya ƙwarai, direbobinsu ba sa ɗauke hannu daga kan oda, mutum yana tafe idonsa na kan mota kunnensa na kan mai talla. Wanda ya fito daga irin wannan ya faɗa ɗakin kallo kai tsaye, jikinsa ne kawai zai shiga, hankalinsa yana can bakin titi. Amma in ya fara ratsa inuwar itatuwa, ya wuce magidanta da suka shimfiɗa tabarma da iyalansu, da ɗalibai masu bitar karatu a kan benci, da yara masu guje-guje a kan ciyawa, kafin ya isa ƙofa numfashinsa ya daidaita. Aikin da zaure yake yi ke nan a gidan Bahaushe. Baƙo ba ya faɗawa tsakar gida daga titi, sai ya tsaya ya yi sallama, ya zauna ƙura ta lafa, sannan a yi maganar da ta kawo shi.

A bakin ƙofa muka ɗan dakata, muka dubi ɗalibinmu muka ce, "To, malamin Azhar, ga mu a ƙofar gidan mutum-mutumi. Me malamanku suka ce?" Mun san wannan tambaya tana zuciyar mai karatu tun daga farkon wannan rubutu, shi ya sa ba za mu tsallake ta ba. Yaron ya yi murmushi ya ce magana ce da Masarawa kansu suka daɗe suna yi. Mafi yawan malaman fiƙihu sun haramta sassaƙa cikakkiyar surar abu mai rai, kuma a shekarar 2006 Muftin ƙasar na lokacin, Shaihu Ali Jumu'a, ya ba da fatawar hana ajiye irin waɗannan a gidaje don ado, har aka yi ta ce-ce-ku-ce a jaridu. A ɗaya ɓangaren kuma akwai Shaihu Muhammad Abduh, wanda ya riƙe muƙamin Mufti daga 1899 zuwa rasuwarsa a 1905, wanda bayan ya zagaya gidajen tarihi a tsibirin Sisili ya rubuta cewa surar da aka yi don adana tarihi da ilimi, ba a kuma jin tsoron a bauta mata, ba ita ce abin da hanin ya nufa ba. Wannan hukunci na malamai ne, mun bar musu, kowa kuma ya bi abin da zuciyarsa ta natsu da shi. Mu dai sana'armu da kalmomi take, abin da ya kai mu shi ne mu ga yadda wani gwani ya dubi mutanen ƙasarsa.

An haifi Mahmud Mukhtar a shekarar 1891 a wani ƙauye mai suna Ɗanbara, kusa da garin Mahallatul Kubra, a yankin da Nilu ke rarrabuwa kafin ya shiga teku. Mahaifinsa umda ne, wato kamar dagaci a wurinmu, amma a ƙauyen dangin mahaifiyarsa ya tashi. Masu ba da tarihinsa sun ce tun yana yaro yakan zauna a bakin hanyar ruwan da ke shayar da gonaki, ya ɗebi laka yana gina dabbobi da mutane. Da muka ji wannan sai muka tuna shanun laka da muka gina a bakin kududdufi muna yara, masu ƙahon ƙaya da tozo kamar na gaske. Bambancin kawai shi ne, shi ya samu inda aka karɓe shi. A 1908 wani ɗan sarauta mai suna Yarima Yusuf Kamal ya buɗe makarantar koyon zane da sassaƙa a Alƙahira da kuɗin aljihunsa, Mukhtar yana cikin ɗaliban farko. Daga nan Yariman ya tura shi Faris ya ƙaro ilimi. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya rutsa da shi a can, ya sha wuya ƙwarai, daga baya ya samu aiki a wani gidan da ake yin surar mashahuran mutane da kakin zuma. Ya rasu a watan Maris na 1934, bai cika shekara 43 ba.

Bayan rasuwarsa, abokansa da masoyansa, cikinsu har da Huda Sha'arawi shugabar ƙungiyar matan Masar, suka yi ta fafutukar kada ayyukansa su watse. Gidan da muka shiga an buɗe shi a 1962, kuma nan aka mayar da kabarinsa. Wanda ya tsara ginin wani magini ne Kirista ɗan ƙasar mai suna Ramsis Wisa Wasif. Gini ne marar yawan ado, an kuma yi dabarar shigar da haske yadda zai sauka a kan kowane aiki ta gefen da ya dace da shi. Ba mu tarar da cunkoso ba, saboda haka muka samu sukunin tsayawa a gaban kowane abu iya son ranmu.

Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne su wane ne ke cikin gidan. Mutumin da ya yi shekaru a Faris, ya zauna da manyan gwanayen Turai, muna tsammanin za mu tarar da sarakuna da jarumai. Akwai fuskokin wasu manya kam, amma waɗanda suka cika ɗakunan matan ƙauye ne. Ga mai zuwa kogi da tulu a ka, ga masu dawowa daga ɗibar ruwa, ga wadda ta durƙusa tana cika tulunta, ga mai sayar da cuku, ga mai dawowa daga kasuwa, ga wadda barcin rana ya kwashe a zaune. A cikin maza kuwa akwai mai tsaron gona da sandarsa, da wasu makafi uku da suka jingina da juna suna tafe. Duk mutanen da ya gani ne tun yana wasan laka. Wanda ya taɓa zama a ƙauye zai gane cewa mai wannan aiki ya san yadda wuya ke miƙewa in tulu ya cika, da yadda mace ke rage faɗin takunta don kada ruwa ya fantsalo. Irin wannan sani ba a samunsa sai an daɗe ana kallo.

Sai muka iso gaban aikin da ya tsayar da mu fiye da kowane, wanda ya yi a 1929 ya sa masa suna Khamasin. Ba wani ƙaton abu ba ne. Mace ce guda tana tafiya, ta karkata gaba, ta ɗaga hannu ta kare fuskarta, mayafinta ya manne mata ta gaba ya kumbura ya tashi ta baya. Ba a sassaƙa ƙura ba, ba a sassaƙa itacen da ke rangaji ba, fuskar matar ma da ƙyar ake ganinta. Amma wallahi muna tsaye a ɗaki shiru, sai da muka ji kamar mu runtse ido. Matan nan da muka hango daga baranda shekaranjiya, ga su nan an tattara su a jikin mace ɗaya. Iska aba ce da ba a gani, dutse kuwa shi ne mafi nauyin abin da mutum zai ɗauka ya ce zai yi aiki da shi, amma mutumin nan ya sa mun ga iska a jikin dutse, ta hanyar nuna abin da ta yi wa zane da abin da ta yi wa tafiyar mai zanen. Ɗalibinmu ya ce Masarawa da yawa suna fassara matar da ƙasarsu, tana kutsawa cikin wahalar mulkin mallaka. Fassarar ta zauna, amma ba ta zauna ba sai don an fara samun matar daidai.

Kusa da wannan akwai wani mai irin dabarar, wanda sunansa ke nufin lokacin haɗuwa da namiji. Budurwa ce ta ja mayafi ta ɗan kau da kai. Namijin ba ya wurin, amma kowa ya san ta inda ya ɓullo, ya kuma san ba ƙinsa take yi ba, kunya ce. Akwai kuma wata da aka sa wa suna Baƙin Ciki, tana zaune ta dunƙule cikin mayafi. Babu hawaye, babu ɗora hannu a ka. Duk wanda ya taɓa shiga gidan makoki ya ga uwar mamaci a kwana na uku, bayan kuka ya ƙare, ya san wannan zama.

A nan ne, 'yan uwa, muka tuna da tarin littattafan insha'i da ke jiranmu a gida, da kuma rubuce-rubucen da ƙananan marubuta kan kawo mana mu duba. In aka zo siffanta yarinya, kusan layin ɗaya ne: fara ce, doguwa, mai dara-daran idanu da dogon hanci, gashinta har gadon baya. In aka zo baƙin ciki, sai a ce ta yi kuka kamar ranta zai fita, a maimaita a shafi uku. In fushi ne, idanunsa sun kaɗa sun yi jajir. Waɗannan kalmomi ba laifi ba ne a kansu, sai dai an gaje su ne daga wani littafi, shi ma ya gada daga wani, har ya zamana babu wanda ya ɗaga kai ya dubi mutum na gaske. Mun karanta yarinya mai dara-daran idanu ta fi ɗari, ba mu iya tuna ko ɗaya. Amma da marubuci zai ce mana ta zo gaida surukarta ta durƙusa tana tsinkar zaren tabarma har aka gama magana, da mun gan ta, da kuma mun san abin da ke ranta ba tare da an faɗa mana ba. Kunya da kishi da fargaba duk kamar iska suke, ba a ganinsu sai a jikin abin da suka taɓa.

Aikin da ya fi ɗaukaka sunan Mukhtar ba ya cikin wannan gida, yana Giza a kan titin da ya nufi Jami'ar Alƙahira, kuma da yamma ɗalibinmu ya kai mu muka gan shi. Sunansa Nahdatu Misra, wato Farkawar Masar. Bayan boren 1919 ya ƙera ƙaraminsa ya nuna a Faris a 1920, labari ya iso gida, aka buɗe asusun neman taimako a jarida don a yi babbansa. Talakawa da ɗalibai da ma'aikata suka yi ta ba da abin da ya sawwaƙa, daga baya gwamnati ta sa hannu. Aka yanko jan dutse daga Aswan, can kudancin ƙasar, irin wanda magabatansu suka yi aiki da shi dubban shekaru da suka wuce. Aikin ya yi ta tsayawa saboda sauye-sauyen gwamnati da ƙarancin kuɗi, sai ranar 20 ga Mayu, 1928 aka yaye masa lulluɓi a dandalin da ke gaban babbar tashar jirgin ƙasa. A 1955 aka ɗauke shi zuwa inda yake yanzu.

Abu biyu ne a jikinsa. Akwai Abul Hauli, wato zakin nan mai kan mutum da ke kwance kusa da dalar Giza, amma a nan ya turje da ƙafafun gaba yana shirin miƙewa. A gefensa kuma ga mace tsaye, hannunta ɗaya a kansa, ɗayan yana ɗage mayafi daga fuskarta kamar mai hangen nesa. Kafin wannan lokaci, manyan mutum-mutumin da ke dandalin biranen Masar na masu mulki ne, irin su Ibrahim Basha a kan doki a Alƙahira da Muhammad Ali a kan doki a Iskandariyya, kuma Faransawa ne suka ƙera su. Da ɗan ƙasa ya samu dama aka ce ya nuna wa duniya surar ƙasarsa, sai ya ɗauko baƙauyiya, irin mai tulun nan, ya tsayar da ita a tsakiyar birni.

Ba shi kaɗai ya yi haka ba a zamaninsa. Muhammad Husaini Haikal yana ɗalibin shari'a a Faransa ya rubuta littafinsa Zainab, wanda ake lissafawa cikin ƙagaggun labaran farko na zamani a harshen Larabci. Labarin wata 'yar ƙauye ce mai aikin gona, kuma da littafin ya fito bai sa sunansa ba, ya kira kansa Bamasare manomi. Daga baya Najib Mahfuz ya shafe rayuwarsa yana rubuta lungunan tsohuwar Alƙahira inda aka haife shi, da masu gidan shayi da ƙananan ma'aikata, har ya ci kyautar Nobel a 1988. Duk sun karanta na waje, sun koyi dabara a wurin baƙi, ba su kuma ɓoye hakan ba. Mu ma muna da misali a gida. Alhaji Abubakar Imam ya ɗebo labarai da dama na Magana Jari Ce daga littattafan Larabawa da Turawa da wasunsu, amma sai da ya sa musu riga da hula, ya zaunar da su a fada da kasuwa irin tamu, har mai karatu ba ya jin baƙunta. Aro ba abin kunya ba ne, in mai aron yana da idon kansa.

Tun muhawarar da aka sha yi a jaridu cikin shekarun 1990 kan littattafan soyayya da tasirin finafinan Indiya, har zuwa yau da labarai suka koma cikin waya ana karantawa babi-babi, ƙorafin bai canza sosai ba. Ana cewa labaranmu sun cika gidajen bene da manyan motoci da tafiya Dubai. Mu ba mu ga laifin marubuci ya rubuta mai kuɗi ba, domin masu kuɗi ma mutane ne, suna da nasu hawayen. Abin da ke damunmu shi ne yawan mutanen da ke wucewa ta ƙofar gidanmu kullum ba su taɓa shiga littafi ba. Mai tura kurar ruwa da ke hawa gangare da jarka goma sha biyu, da tsohuwar da ke suyar ƙosai a ƙofar makaranta ta san wanda ya karya da wanda bai karya ba, da mai wankau da ta riƙe marayu huɗu da sabulu da ruwa. In sun shiga ma, sai a matsayin abin dariya ko abin tausayi, su yi layi biyu su fita. In mu da muke zaune da su ba mu rubuta su ba, nan da shekara hamsin jikokinmu za su buɗe littattafanmu su nemi kakanninsu su rasa.

Akwai wani abu game da maginin gidan, Wisa Wasif, da ya shafe mu mu malaman makaranta. A farkon shekarun 1950 ya tara yaran wani ƙauye mai suna Harraniyya kusa da Giza, ya koya musu saƙa, ya kuma kafa musu sharaɗi cewa ba za a zana musu abin da za su kwaikwaya ba, kowa ya saƙa abin da idonsa ya gani. Yaran suka yi ta fitar da dabino da jakuna da tsuntsaye da kasuwar ƙauyensu, har saƙarsu ta shiga gidajen kallo na ƙasashen waje. Da muka koma aji bayan hutu, sai muka jarraba irin wannan. Muka ce kowane ɗalibi ya zaɓi mutum ɗaya da yake gani kullum a hanyarsa ta zuwa makaranta, ya kalle shi har mako guda, sannan ya rubuta shafi ɗaya a kansa. Muka hana amfani da kalmomin kyau da muni da farin ciki da baƙin ciki, muka ce a rubuta abin da hannu da ƙafa da ido suka yi kawai. Da farko sun yi ta gunaguni. Amma cikin abin da suka kawo, wata yarinya ta rubuta yadda mai gyaran takalmin unguwarsu ke juya takalmi ya dubi dunduniyarsa kafin ya dubi fuskar mai shi, sannan ya yanka kuɗi daidai da abin da ya gani. Shekarunmu nawa muna gyara insha'i, ba mu cika samun layin da ya kai wannan ba.

Saboda haka shawararmu ga ƙananan marubuta, da mu kanmu, ita ce kowa ya riƙe ɗan littafi a aljihu, ya riƙa rubuta abin da ya gani kafin ya rubuta abin da ya ji a ransa. A zauna a tasha, da bakin rijiya, da layin asibiti, a ga yadda mai jiran sakamako ke riƙe takarda, da yadda mai bashi ke gaida wanda yake binsa. In an zo rubutu kuma a yi koyi da masassaƙi, wanda aikinsa ragewa ne. Ko mai sassaƙa turmi a kasuwarmu, da gizago yake ta cire abin da ba a bukata har turmin ya fito. Wanda kuma Allah Ya kai shi wani birni, Alƙahira ce ko wani, in ya gama abin da ya kai shi, ya tambaya ko akwai gidan da ake adana zane-zane da ayyukan gwanayen ƙasar. Kuɗin shiga ba ya taka kara ya karya a yawancinsu. Kada ya yi gaggawar zagaye ɗakuna duka don a ce ya gani, ya zaɓi abu biyu ko uku ya tsaya a gabansu, ya tambayi kansa me mai aikin ya sa, me kuma ya bari. In ya dawo, ya rubuto wa wannan mujalla tamu abin da ya gano domin mu ƙaru da juna.

Allah Ya ƙara mana basira, Ya sa alƙalumanmu su zama masu amfani ga jama'a, amin.